Karatun Haɗa Fannoni A Jami'a: Ina Rabon 'Ya'yan Zango?

A shekarar 2025 gwamnatin Shugaba John Mahama ta fara ɗauke wa ɗaliban shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati, bayan da sakandare ta zama kyauta tun 2017. Wannan ya ƙara buɗe ƙofar jami'a ga yaran Nima da Maamobi da Sabon Zango, sai dai kuma ya taso da wata tsohuwar gardama a gidajenmu, wato wane karatu yaro zai yi idan ya shiga.

Yawancin iyaye sun fi son su ji an ce likita ko lauya ko aikin banki. Da zarar yaro ya ce an ba shi tarihi da nazarin zamantakewa da Larabci, sai a ce ya tafi ɓata shekara huɗu. Ba a ga laifin iyaye ba, domin kowa ya san masu digiri da suka gama bautar ƙasa suna zaune a majalisa ba aiki. Amma ya kamata a fahimci yadda tsarin yake kafin a yanke hukunci.

A Jami'ar Ghana da ke Legon, ɗalibin fannin adabi da zamantakewa yakan fara da darussa uku, ya rage su zuwa biyu, sannan a shekara ta uku da ta huɗu ya zurfafa a ɗaya ko ya haɗa biyun. Ban da wannan akwai darussan dole ga kowa, har da mai karatun kimiyya, kamar rubutu da auna hujja da nazarin Afirka. Wannan na ƙarshe ya samo tushe daga Cibiyar Nazarin Afirka wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a 1963. Ita kuwa Jami'ar Ashesi, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002 da ɗalibai 30 bayan ya baro aikin Microsoft a Amurka, kacokan ta ɗora tsarinta a kan haka ne: mai koyon kwamfuta ko injiniyanci sai ya karanta ɗa'a da shugabanci. Matsalarta ita ce tsada, talaka ba ya shiga sai da tallafi.

Wani zai ce wannan tsarin Turawa ne, alhali malamanmu na dā haka suka yi karatu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga kuma ya rasu a 1934, masanin fiƙihu ne, mawaƙi ne da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta tarihin Hausawa da al'adunsu. Rubuce-rubucen malamai irinsa na cikin waɗanda Ivor Wilks da abokan aikinsa suka tattara a Legon a shekarun 1960. Jikokin masu wannan ilmi su ne suka fi cancanta su karanta shi, domin sun tashi da allo da Hausa, ga kuma boko.

Bugu da ƙari, matsalolin Zango ba su san iyakar fanni ba. Ɗauki babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi ta faɗa Odaw. Injiniya zai iya auna faɗinta, amma shara ba za ta daina shiga ba sai an san yadda gidajen haya suke, da wanda yake da ikon fili, da yadda za a shawo kan sarakuna da limamai. Ambaliya da gobarar 3 ga Yuni, 2015 a Circle, inda mutum fiye da 150 suka rasu, ta nuna abin da sakaci da irin wannan ke jawowa. Haka Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017 yana bukatar masu iya karanta kasafin kuɗi, su kuma san unguwa lungu-lungu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ɗalibai da dama suna ɗaukar darussan dole a matsayin kaya, su haddace takardun malami, su zubar ranar jarrabawa. Wanda ya yi haka ya zama ɗan gangan, bai kama nan ba bai kama can ba. Amfanin haɗa fannoni yana fitowa ne a shekara biyun ƙarshe, idan ɗalibi ya zaɓi darussan da ke taimakon juna, kamar tattalin arziki da ƙididdiga, ko Larabci da tarihi, ya kuma yi binciken kammalawa a kan abin da ya shafi mutanensa.

Saboda haka, kira ga iyaye shi ne su tambayi yaro abin da zai haɗa da abin da zai iya yi da shi, kafin su ce ya sauya. Ƙungiyoyin matasa da 'yan bokonmu da suka riga suka wuce ta Legon su ma su riƙa zama da masu shirin shiga tun kafin cike takardu. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani.