Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi?

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a mujallarmu in faɗi ra'ayina bisa wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, watau ko ya kamata a ba 'yan ƙasarmu da ke zaune a ƙasashen waje ikon jefa ƙuri'a.

Ga mafarin abin. Ina da wa, tela ne a zangon Kumasi ta ƙasar Gana, yau shekara tara ke nan. Tun ina makarantar mishan a ƙasar Tangale shi ya ke biya mini kuɗin makaranta, har yau kuwa bai fasa ba. Shi ya yi wa tsohuwarmu rufin kwano. Ran 25 ga Fabrairu, 2023, na fito daga rumfar zaɓe a nan Gombe da tawada a yatsa, sai ga shi a waya. Ya ce, "To, ƙanena, ku zaɓa mana, mu namu aike ne kawai." Ya yi dariya, amma ni dariyar ba ta yi mini daɗi ba.

Abin da ya hana shi doka ce. Tsarin mulkinmu na 1999, sashi na 77 da na 117, ya ce wanda za a rubuta sunansa cikin masu zaɓe sai ɗan ƙasa mai shekara 18 wanda ya ke zaune a Nijeriya lokacin rajista. Ba a kuma kafa rumfar zaɓe ko ɗaya a waje. Saboda haka wanda ya ke Kumasi sai ya rufe shago ya zo rajista, ya sake zuwa zaɓe, ya kuma iso da wuri, gama a kan rufe iyakokin ƙasa ran zaɓe. Tela nawa ne za su iya wannan? Ran 1 ga Maris, 2022, aka kawo shawarar gyara wannan doka gaban Majalisar Tarayya, majalisun biyu duka suka ƙi.

Na yi muhawara da 'yan ajinmu a kan wannan, na ji hujja uku. Ta fari, sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Karin maganar gaskiya ce ga wanda ya yanke zumunci. Amma wanda ya ke ciyar da gida, yaya za a ce ya bar shi? Bisa ƙididdigar Bankin Duniya, a 2022 da 2023 mutanenmu na waje sun aiko da kimanin dala biliyan 20 kowace shekara. Ban ce ƙuri'a abar sayarwa ba ce, gama talakan da bai aiko da ko anini ba ɗan ƙasa ne cikakke. Abin da na ke nufi shi ne hannunsu yana cikin gida, hukuncin gwamnati kuma yana iske su inda su ke. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu, 2023, ɗalibanmu da ke karatu a Khartum, da yawansu 'yan Arewa, wa suka sa wa ido? Gwamnatin Nijeriya ce ta nemo musu motoci zuwa iyakar Masar, ta kwaso su a jirgin sama. Ran wuya 'yan gida ne, me zai sa ran zaɓe su zama baƙi?

Hujja ta biyu, wai mutanen Kudu da ke Ingila da Amurka ne kaɗai za su amfana. Wannan rashin sanin kai ne. Mu mutanen Arewa ba mu taɓa zama wuri ɗaya ba. Fatake, da mahauta, da malamai, da masu neman ilmi, ga su nan a Akara da Kumasi, a Garwa da Marwa, a Njamena, a Makka da Madina. Ba su da jarida ne kawai da za ta riƙa faɗin kukansu.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, ban kuwa raina ta ba. Sun ce a ƙasar waje wa zai rarrabe ɗan Nijeriya da Bahaushen da kakanninsa suka tafi tun da daɗewa? Mu a Gombe mun san wannan fiye da kowa. A Burmi, kusa da Bajoga, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu a Sudan. Jikokinsu suna jin Hausa da Fillanci, 'yan'uwanmu ne, amma Sudan ce ƙasarsu. Watau harshe ba zai zama shaida ba. Shaida ita ce fasfo da lambar ɗan ƙasa, waɗanda gwamnati da kanta ta ke bayarwa. In ta amince da takardarta a bakin iyaka, sai ta amince da ita a rumfar zaɓe.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu. Senigal ta ware wa mutanenta na waje kujera 15 a majalisa tun 2017. Maƙwabciyarmu Nijar, kafin sojoji su karɓi mulki a 2023, kujera 5 cikin 171 na mazauna waje ne. Kenya ta soma a 2013 da ƙasashe huɗu na kusa da ita, sa'an nan ta yi ta ƙarawa. Gana kuwa ta yi dokar tun 2006, aka yi shekaru tana kwance a takarda. Darasin ke nan: doka ba shiri, aikin banza ce.

Shawarata ita ce a bi hanyar Kenya, sannu ba ta hana zuwa. A fara da zaɓen shugaban ƙasa kaɗai. A yi rajista da zaɓe a ofisoshin jakadunmu, a ƙidaya a gaban wakilan jam'iyyu. Tun da ya ke tilas mai nasara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, sai a zuba ƙuri'ar kowa a jiharsa ta asali.

Kada wani ya ce ba a saba ba. A zaɓen 1959 matan Arewa ba su yi zaɓe ba, sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa, yau kuwa ba mai ganin abin mamaki.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan magana ba ta Abuja kaɗai ba ce. Gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda, Majalisar Dokokin Gombe kuwa ɗaya ce daga ciki. Muna kuma da sanatoci 3 da wakilai 6 a Tarayya. In sun zo neman ƙuri'armu, mu tambaye su ina suka tsaya. Gobe mu ne za mu tsaya gaban allo mu koya wa yara haƙƙin ɗan ƙasa. Ba na so yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, babana da ke Gana fa?" in rasa ta cewa.

Wanda ya ke da ra'ayi dabam, ga fili ga mai doki, ya amsa a fitowa mai zuwa. Haza wasalam.

Naku,
Ɗalibi, Aji Biyu.