Ga Rasit, Ina Titi?

Jama'a, wai shin aikin ƙaramar hukuma karɓar haraji ne kawai? Tun gyaran fuskar da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 aka ce an matso wa talaka da gwamnati kusa. Ga su nan har 774 a Nijeriya, 44 a Jihar Kano kaɗai, amma ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da titin unguwa kududdufi.

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, da raɗa wa tituna suna, da ba gidaje lamba, da kwashe shara. A nan ne kuma aka ba ta ikon ƙiyasta gidajen jama'a domin haraji. Abin takaici, wannan layin kaɗai ciyamomi suka haddace.

Sanarwa kuwa ba ta yankewa: kada a ci hanya, kada a yi gini kan lambatu. Madalla! To, amma attajirin da katangarsa ta toshe ruwa, wa ya taɓa shi? Mai rumfar bakin titi ne kullum ke kwana a ciki.

An daɗe ana fakewa da cewa gwamnoni na riƙe kuɗi a asusun haɗin gwiwa. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka ciyaman da bai ga nasa ba ya fito ya faɗa, wanda ya gani kuma ya nuna mana titin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.