Ambaliyar Maiduguri: Me ya sa ba a ji ɗuriyar inshora ba?

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori, ya shiga har fadar Shehun Borno. Shekara 30 ke nan cif bayan makamanciyarta ta 1994. Kamar wancan karon, jama'a sun zuba ido ga gwamnati da attajirai, ƙalilan ne suka nufi kamfanin inshora neman diyya.

Dalilin farko a bayyane yake: harkar inshora ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin Najeriya ba. A Arewa kuma akwai ɗari-ɗarin da ake yi saboda riba da shubuha, duk da cewa hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013.

Shi ma wanda ya yanki inshorar, da sauran rina a kaba. Inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar asarar ambaliya, sai an ambaci ambaliyar ƙarara a cikin yarjejeniya. Wanda bai biya kuɗin shekara ba kuwa, doka ba ta ba shi kariya. Idan ɓarna ta auku, wajibi ne magidanci ya sanar da kamfani cikin wa'adin da aka rubuta, ya ɗauki hotuna kafin ya fara gyara, ya kawo rasit da jerin kayan da suka lalace, sannan a turo jami'in da zai ƙiyasta asarar. To, ina mutumin da ya tsira da rigar jikinsa zai samo rasit? Shi ya sa adana hoton takardu a waya ko imel tun kafin damina yake da muhimmanci. Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa, ana iya kai ƙorafi NAICOM.

Tallafi alfarma ce, sai wanda sunansa ya shiga jerin kwamiti. Diyyar inshora haƙƙi ce da za a iya nema har gaban kotu. Tambayar da ta kamata matasa su yi wa gwamnonin jihohi ita ce: kasuwanni da makarantu da asibitoci nawa suka yi wa inshora, alhali doka ta wajabta hakan a kan gine-ginen da jama'a ke shiga?