Me ya sa foldar da ke haɗe da rumbun intanet take kullewa ana tsakiyar aiki?

A watan Agustan 2023 ne Amazon ya buɗe wa kowa manhajar Mountpoint, wadda ke sa rumbun ajiyarsa na S3 ya bayyana a kwamfuta tamkar folda. Dama can akwai irinta, kamar s3fs da rclone, kuma dukkansu suna fama da matsala guda: folda takan kwana ta wuni a haɗe, amma mabuɗin da aka haɗa ta da shi yana da wa'adi.

Mabuɗin wucin gadi da Amazon ke bayarwa yawanci na awa ɗaya ne, kuma idan an ari matsayin wani asusu ba ya wuce awa 12. Idan mutum ya kwafe shi da hannu ya miƙa wa manhajar lokacin haɗawa, shi za ta riƙe har ya mutu, ba ta da inda za ta karɓo sabo.

Daga nan ne ɓarnar take farawa, a ɓoye. Foldar tana nan, wani lokaci har sunayen fayiloli suna bayyana, sai dai saƙon kuskuren da ke fitowa kan yi kama da na faifan da ya lalace. Mafi muni shi ne wajen ajiya: wasu manhajojin kan tara fayil a kwamfuta tukuna, sai an rufe shi su tura. Mai aiki ya tashi yana zaton ya ajiye, alhali babu abin da ya isa rumbun.

Ganin haka, wasu injiniyoyi sai su koma ga mabuɗin dindindin don su huta. Wannan gyaran ya fi cutar hatsari. A 2016 masu kutse sun tsinci bayanan shiga rumbun Uber a GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Mabuɗin awa ɗaya ko an sace shi, amfaninsa ɗan lokaci ne.

Abin da ya kamata shi ne a nuna wa manhajar inda ake karɓo mabuɗin, ta riƙa sabunta shi da kanta kafin wa'adin ya cika, kamar yadda kwamfutocin haya na Amazon ke yi. Idan kuma ya riga ya mutu, a fara duba fayilolin da ke jiran turawa kafin a cire foldar a sake haɗa ta.