Furen Da Ba A Ci

Akwai wani fure da a ke kira jiraniyam. Asalinsa daga Afirka ta Kudu ya ke, inda ya ke fitowa a jeji. Tun kafin shekarar 1700 matafiya suka kai shi Holan da Ingila cikin jiragen ruwa. Yau kuwa sai ka ga tukwanensa jere bisa tagogin gidaje a ƙasashen Turai, wani ja, wani fari, wani ruwan hoda. Akwai irinsa mai ganye mai ƙanshi, wanda manoman Masar su ke nomawa, a tatsi mansa a haɗa turare.

A ganina, ya kamata kowane ɗan makaranta ya yi renon irin wannan fure, ko da tukunya ɗaya ce. Na san wani zai ce, “Me za a yi da abin da ba a ci? Ai gara a shuka kuɓewa ko yakuwa. Ga shi kuwa ruwa sai an tafi rijiya.” Maganarsa tana da kan gado, gama ba mai miya da fure. Amma bari mu duba.

Na farko, jiraniyam ba mashayin ruwa ba ne. Yawan ruwa ma shi ke kashe shi, don saiwarsa ruɓewa ta kan yi. Sai ka sa yatsa cikin ƙasar, in ka ji ta bushe sa'an nan ka ba shi. Ragowar ruwan buta ya ishe shi.

Na biyu, ba ya cin kuɗi, don reshensa a ke dasawa, kamar rogo. Ka roƙi mai shi reshe mai tsawon inci 4, ka yanke daidai ƙarƙashin gaɓa, ka cire ganyayen ƙasa. Ka samo tsohuwar tukunya, ka huda gindinta, ka rufe hujin da tsingaro. Ka cika ta da ƙasa mai gauraye da rairayi da ɗan ruɓaɓɓen taki, ka kafa reshen. Cikin mako 3 ko 4 sai ya yi saiwa. Ashe bai tare wa kuɓewa wuri ba.

Na uku, shi ne babba, fure malami ne. Jiraniyam yana son hantsi, amma ba ya son zafi mai tsanani. Shi ya sa ya fi jin daɗin wuri mai sanyi irin Jos. Yaron da ke Kano ko Katsina tilas ya lura. Da bazara ya ja tukunyar inuwa kafin azahar. Da damina ya shigar da ita ƙarƙashin rumfa, kada ruwa ya jiƙa ta sharkaf. In fure ya bushe ya tsinke shi, don wani ya fito. In ganyen ƙasa ya soma rawaya, ya bincika, watakila ruwa ya yi yawa. Wa ya koya masa wannan duka? Furen ne.

To, yaron da ya saba duba shuka guda kowace safiya, ya gane ƙishinta da ƙoshinta, shi ne gobe ba zai bar gonarsa ta lalace ba, ba zai manta da akuya a turke ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In kuwa ya yi sakaci furen ya mutu, ya yi hasarar reshe guda kaɗai, ya kuma koyi abin da wani sai da hasarar gona ya koya.

Saboda haka, yara, ku shuka kuɓewarku, ku shuka yakuwa, amma ku bar wa fure tukunya ɗaya. Ciki yana da hakki, ido ma yana da nasa.