HARUFFA UKU BA SU GINA AJI

Jama'a, lokacin zaɓe ya zo, masu neman ƙuri'a sun fito da haruffan Turanci: UPE, UBE, SUBEB. Suna jero su a dandali kamar lambar mota, talaka yana tafi bai san abin da aka ce ba. To, bari mu kwance muku ƙullin.

UPE ma'anarsa ilmin firamare ga kowane yaro. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta buɗe shirin a watan Satumba na 1976. An yi tanadin yara wajen miliyan 2 da dubu 300, sai ga kusan miliyan 3 a ƙofar makaranta. Ba aji, ba benci, malamai kuwa aka yi musu horon gaggawa aka tura ƙauye. Niyya mai kyau, amma an gayyato baƙi ba a ɗora tukunya ba.

UBE shi ne ilmin bai-ɗaya, an ƙaddamar da shi a Sakkwato cikin 1999, aka yi masa doka a 2004. A nan ne maganar take, ku buɗe kunne. Dokar ta ce shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne, kuma dole ne. Uban da ya ƙi kai ɗansa, karon farko gargaɗi, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta daga hannun yaro, shi ma akwai tara a kansa. Wa ya taɓa karanta muku wannan a dandali? Babu. Ba sa so ku san hakki ne, sun fi so ku ɗauka alfarma ce.

Kuɗin fa? Doka ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun Tarayya, hukumar UBEC a Abuja ke riƙe da shi. SUBEB ita ce takwararta a kowace jiha. Amma akwai sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na Tarayya kafin a sakar mata kuɗin gine-gine. Gwamnan da ya ƙi ajiyewa, kuɗin jiharsa sai su yi ta kwana a Abuja, 'ya'yanku na zaune a ƙasa, rufin kwano iska ta yaye tun damina biyu. An sha yin haka, kuma ba a jiha ɗaya ba.

Akwai kuma NCE, takardar shaidar malanta, mafi ƙanƙanta da aka yarda mutum ya shiga aji da ita. Ku tambayi hedimasta malamansa nawa ke da ita.

Saboda haka, in ɗan takara ya hau mumbari ya ce "UBE", ku dakatar da tafi. Ku ce ya faɗa da Hausa: jiharmu ta biya kasonta na bara? Azuzuwa nawa aka gina a gundumarmu, kuma a wane gari suke, mu je mu gani?