Kada gara ta cinye molon kakanninmu

A ƙasar Amurka akwai wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira banjo. Bayin da aka kwashe daga Afirka su ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan, da ƙwarya da fata da sanda sumul, kamar gurumi. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya gan shi a Jamaika, ya sa zanensa cikin littafinsa na 1707. Daga wajen 1880 masana'antu suka yawaita gitta wa sandar guntayen ƙarfe, domin yatsa ya tsaya daidai ma'aunin kiɗan Turawa.

To, ga abin mamaki. Yau masu gyara a can suna neman tsofaffin banjo, su zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, su cike gurabensu da itace, su goge sandar, su ɗaura sabuwar fata. Abin da suke nema shi ne sautin da yatsa ke samu in ya zame bisa sanda ba tare da shamaki ba.

Wannan sauti bai taɓa barin Adar ba. Molo da gurumi da garaya, har da tahardant na Abzinawa, babu mai ƙarfe a sanda. Amma namu na rataye a zaure, fata ta tsage, gara tana ci.

Wani zai ce zamanin jita ne. Ba mu ƙi jita ba. Sai dai tsirkiyarta ana sayenta a kanti, alhali tsohon da ya san zaɓen ƙwarya da jan fata, in ya kwanta dama, ba kasuwar da za ta mayar mana da shi. Marigayi Malam Maman Barka, makaɗin gurumi da ya rasu a 2018, sai da ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram wurin tsohon gwaninsa, kafin kiɗan ya ɓace.

Saboda haka muna kira ga magabatan jihar Tawa, garin da ya ba ƙasa Ɗan Gurmu: a nemo masu wannan sana'a a Kalfu da Barmu da Afala, a biya su ladan gyara, a ba kowane yara biyu su koya. Ku kuma da kuka ci yaƙi da jahilci, ku zauna gabansu da alƙalami, ku rubuta aikin daki-daki da Hausa. Da tsohuwar zuma ake magani.